Injin goge fenti na farko: wanne zan saya, kuma da wane mai?

Sabi'u Zariya: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema. Ina da Corolla baƙa ƙirar 2009, shekara biyu ke nan tana hannuna. A inuwa ba ka ganin komai, amma da rana ta take sai ka ga jikin ya cika da siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo, kapo da rufi kuma sun yi toka-toka. Na tara jika 80 na sefa, ina son in sayi injin goge fenti in yi aikin da hannuna, in Allah ya sa na iya har in riƙa yi wa mutane. Jiya na ga wani a babbar kasuwa mai faifai milimita 180, mai shagon ya ce shi masu fenti ke saye. Abokina kuma ya ce kar in kuskura, in nemi wanda ake ce wa orbital. Wanne zan ɗauka, kuma wane mai ake sawa?

Mamman Bagalam: Wa alaikumus salam. Kai, me zai sa ka kashe jika 80? Ka ari injin yankan ƙarfe wajen mai walda, ka ɗaura mai gashin rago, an gama.

Laminu Lantarki: Mamman, don Allah ka janye maganar nan kafin wani ya gwada. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya, kuma galibinsu ba su da abin rage gudu. Injin goge fenti irin Makita 9227 daga 600 yake tashi ya tsaya 3,000, kuma masu aikin ba su cika wuce 1,500 zuwa 1,800 ba. Kafin ka ƙifta ido fentin ya narke.

Mamman Bagalam: To, na janye. Na dai ga ana yi ne.

Baba Ila Mai Fenti: Sabi'u ɗana, wanda ka gani kasuwa shi muka sani, shi munka tashi da shi. Rotatif muke ce mai. Na hi shekara talatin ina riƙe da shi, kuma babu motar da ta gagare ni. Ƙarhi gare shi, ba shi mutuwa da wuri, in sharbon nai, wato ɗan gawayin da ke cikin inji, ya cinye ka samu wani nan cikin Maradi ka canza. Amma in gaya maka gaskiya, ba a hwara shi bisa motar da ake so. Ni maigidana wata ukku ya bar ni ina goge tsohuwar ƙohwar Peugeot 504 da ya jingina bayan gareji kahin ya bari in taɓa motar mutane. Duk da haka, motar hwarko da na taɓa sai da na ƙona ta. Bakin kapo ne, wajen da ƙarhe ya lanƙwasa. Ban ji komai ba sai wani ɗan wari kamar na roba, na ɗaga injin na ga layi mai tsawon ɗan yatsa ya koma toka, fentin ƙasa ya hito. Ranar ban ci abinci ba.

Sabi'u Zariya: Allah ya ƙara girma Baba. To me ke sa ya ƙone haka da sauri?

Mushe Habu: Baba ya ba da izini in ɗora a kan maganarsa. Sabi'u, abin da ya kamata ka fara sani ba injin ba ne, kaurin abin da za ka goge ne. Fentin da kamfani ya yi wa mota hawa-hawa yake: na ƙasa mai hana tsatsa, sai mai launi, sai verni, wato wannan garai-garai na sama mai ba da ƙyalli. Duka a haɗe ba su cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba. Verni shi kaɗai tsakanin 35 da 50 yake. Ka ɗauki farar takardar ofis guda ɗaya ka murza tsakanin yatsunka, kaurinta wajen mikron 100 ne. Wato verninka bai kai rabin takardar ba. Zanen da kake gani da rana ƙananan kwari ne a cikin vernin nan, kuma gogewa ba cike su take ba, kankare abin da ke kewaye da su take har ya sauko daidai da gindinsu. Duk gogewa ɗaya ka ci wani abu daga ciki, kuma ba ya tsirowa.

Shi rotatif faifansa a wuri ɗaya yake juyawa, kamar fanka. In ka daɗe a guri ko ka karkata shi, zafi ya taru, a bakin ƙarfe kuma fenti ya fi siranta, shi ne abin da ya sami Baba. Orbital kuwa yana juyawa yana kuma rawa, faifan yana zagaya ƙaramar da'ira, don haka ba ya bin layi ɗaya sau biyu. In ka danne shi da yawa ko ka karkata, juyin sai ya tsaya. Wannan tsayawar da wasu ke gani kamar rauni, ita ce ke ceton mai koyo. Ni dai orbital zan ce ka saya, mai rawar milimita 8, da faifai 125.

Ɗanladi Lavaj: Mushe, ni ban yarda ba. Na riƙe orbital na wani bawan Allah, wuni guda na yi a kan mota ɗaya, hannuna har dare yana zuma saboda karkarwa. Yaron nan ya ce sana'a yake son yi. Nawa mutumin Maradi zai ba ka a goge mota? In za ka yi wuni a kanta ba ka fitar da kuɗin wuta da na mai ba. Da rotatif da gashin rago da man gogewa G3 awa biyu na gama.

Hajiya Rabi: Ɗanladi, irin wannan awa biyun aka yi wa tawa, shi ya sa zan sa baki ko da yake ni ba injin na sani ba. RAV4 ɗina shuɗiya mai duhu na kai wani wurin wanki, ba zan faɗi suna ba, ana gobe bikin ƙanwata. Da yamma na karɓa tana walƙiya, har na ƙara wa yaron kuɗi. Washegari da hantsi na fito da ita, sai ga wasu inuwoyi a jikin ƙofofin suna bin ka duk inda ka juya, kamar an watsa mai a kan ruwa. A bakin murfin tanki kuma launin ya goge, ga farin man da ya bushe cikin baƙar robar gilashi, har yau bai fita duka ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don motar marigayi maigidana ce kuma ina tattalinta.

Mushe Habu: Allah ya ji ƙansa Hajiya. Waɗannan inuwoyin sawun rotatif ne da gashin rago, in aka tsaya a mai kaushi ba a bi da mai laushi ba. Ana iya fitar da su, kuma orbital ne ma ya fi fitar da su. Bakin tankin ne sai fenti.

Baba Ila Mai Fenti: Ba laihin inji ba ne Hajiya, laihin hannu ne. Wanda ya iya ba shi barin wanga sawu. Kuma ku masu karatu ku daina raina G3. Abin da yaran yanzu ba su sani ba, da ruwa ake aikinai, kana yi kana yayyahwa, in ka bari ya bushe shi ke yanka. Ni hwaɗana da orbital guda ne: in na hesa sabon verni ya yi kurajen lemu, na bi da samfefa 2000 da ruwa, orbital ƙarami ba shi hidda min sawun samfefar da wuri.

Mushe Habu: Gaskiya ne Baba, a aikinku rotatif ba shi da na biyu. Amma ku sabon verni kuke gogewa wanda kuka fesa da kauri, in ma an yi kuskure bindigar fenti na rataye a gefe. Sabi'u vernin 2009 zai goge, wanda ya sha ranar Maradi, kuma ba shi da inda zai sake fesawa sai ya biya.

Baba Ila Mai Fenti: Nan kam ka hwaɗi gaskiya.

Sani Liyon: Salam daga Faransa. Nan masu sana'ar da yawa Rupes suke riƙewa, orbital na Italiya, mai rawar milimita 15 ko 21. Yana da sauri kusan kamar rotatif kuma ba ya karkarwa sosai. Akwai Flex na Jamus ma wanda juyinsa ba ya tsayawa ko ka danne. Ƙanena, in za ka iya haƙuri ka ƙara tari.

Nura Ɗan Isa: Yaya Sani, jika 80 ba ta kai ko rabin kuɗin wannan ba, kuma in wani abu ya karye a ciki wa zai gyara? Ni hanyar Jibiya, Katsina, Kano nake bi kusan kowane sati. Irin orbital ɗin ƙirar Sin da Mushe ke nufi, mai kama da samfurin da ake kira DAS-6, sai an nema ko an yi oda, ba kamar rotatif na Ingco da Total ba da ke ko'ina. In za ka saya Sabi'u, ka duba abu uku a gaban mai shago: a kunna shi ka ji yana tashi a hankali ba da fizga ba, ka juya lambar gudu daga 1 zuwa 6 ka ji sautin yana canzawa, ka tabbata akwai sharbon na canji a kwalin. Mai rawar 21 kuma bai dace da Corolla ba a ganina, lunguna da lanƙwasa sun yi yawa, faifan zai riƙa tsayawa.

Laminu Lantarki: Ku duba takardar jikin injin. Wutarmu 220 ce. Kayan da ke zuwa cikin kwantena daga Amurka 110 ko 120 ne, na ga wanda ya sayi irin wannan da murna, ya soka, hayaƙi ya tashi nan take. Na Najeriya wutarsa daidai da tamu, kan filogin ne kawai mai ƙafa uku, ka canza shi da mai zagayayyun ƙafafu maimakon ka riƙa tura shi da tsinke. Sannan rotatif babba wat 1,200 zuwa 1,400 yake ci, ƙaramin gurup ɗin nan na caji da fanka ba zai ɗauke shi ba. Orbital bai kai haka ci ba. Ralonj ma a sayi mai kaurin waya, kuma a rataya wayar a kafaɗa kar ta riƙa shafar fentin.

Sabi'u Zariya: Na gode ƙwarai. To maganar mai fa? Sunayen sun yi mini yawa.

Mushe Habu: Biyu kawai kake buƙata, mai yanka da mai gamawa. A Menzerna lamba ce ke nunawa, 400 mai kaushi, 2500 matsakaici, 3500 da 3800 masu laushi. A 3M murfi ne: kore mai yanka, rawaya na tsakiya, shuɗi na ƙarshe. A Meguiar's 105 mai yanka, 205 mai gamawa. Ka ɗauki ƙananan kwalabe na mililita 250, sun ishi motarka har da saura. Fentin motocin Japan galibi ya fi na Jamus taushi, don haka kar ka fara da mai kaushi. Ka zaɓi guri ɗaya, kamar santimita 40 da 40 a murfin but, ka gwada matsakaici da soso matsakaici. In ya fitar, shi ke nan, da shi za ka bi motar. In bai fitar ba sai ka hau mataki ɗaya.

Inda sababbi ke yin kuskure shi ne soso. Sai mutum ya zuba duk kuɗinsa a inji ya sayi soso ɗaya. Soso ɗaya ba ya gama mota, yana cika da mai da garin vernin da ya kankaro, ya yi zafi, ya daina yanka, wani lokacin ma gam ɗin bayansa ya saki. Ka nemi aƙalla huɗu masu tauri, biyu masu laushi. Ni da ni ne, jika 80 ɗin nan rabi inji, rabi soso da mai da tsumman mikrofiba kamar goma da sikoci na takarda don rufe robobi. Da an rufe robobin Hajiya da ba ta zo da wannan ƙorafin ba.

Nura Ɗan Isa: A kula da jabu. Na taɓa sayen kwalba mai babban suna a wani shago, na buɗe na ji warin kananzir, ruwa a sama, gari a ƙasa. In farashin ya yi araha fiye da hankali a bar shi.

Ɗanladi Lavaj: Duk wannan lissafin mai kyau ne a rubuce. Ni tambayata, ina zai yi aikin? Yanzu muna cikin Afrilu, zafi ya wuce 40, baƙar mota in ta tsaya rana ba ka iya ɗora tafin hannu a kapo. Man zai bushe kafin ya yi zagaye biyu. In ya bari sai hunturu kuma ƙura ce. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga soso, ta zana mai kapon gaba ɗaya.

Baba Ila Mai Fenti: Yauwa Ɗanladi, wagga magana taka ta hi ta ɗazu. Bayan sallar asuba ake yi, cikin rumhwa, a yayyahwa ruwa ƙasa don ƙura ta kwanta. Ka taɓa ƙarhe da bayan hannu, in da ɗumi ka jira. Kuma kar a yi ƙarƙashin bedi, ƴaƴanai da kashin tsuntsu su na hwaɗowa.

Hajiya Rabi: Ni kuma abin da nake son a faɗa mini, daga ina zanen yake fitowa tun farko? Mota ba wanda ya karce ta amma ta cika da shi.

Ɗanladi Lavaj: Hajiya, daga gare mu ne masu wanki, da yaran gida. Kullum da safe yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a kan mota. Ƙurar nan rairayi ne, ya fi verni tauri, kamar samfefa yake bi da ita. Mu ma bokiti ɗaya, Omo, tsumman da aka wanke taya da shi shi ake kai wa kapo. Wasu har gazuwal suke shafawa don ƙyalli. Ni na daina tun bara. Ruwa nake fara watsawa ƙurar ta sauka, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, daga sama zuwa ƙasa, taya da nata tsumman. Sabi'u, in ba ka hana busasshen tsumman nan ba, wata ɗaya zanen zai dawo, ka ci verninka a banza.

Mushe Habu: Kuma kafin inji, bayan wanki, ka sa hannunka cikin farar leda ka shafa kapon. In ka ji ƙurji-ƙurji, sai an bi da yumɓun nan na musamman da ruwan sabulu ya tsince su. Zane mai zurfi kuma ka ja farce a kai, in farcen ya maƙale ya wuce aikin gogewa, kar ka bi shi.

Alhaji Sale Hilux: Ni tawa fara ce, Hilux, ta yi kamar alli, in ka shafa hannu sai ya fito fari. Ita ma haka za a yi?

Baba Ila Mai Fenti: Alhaji, hwararen Toyota da yawa, mai lamba 040, ba su da verni, fenti guda ne. Shi ya sa take alli. Ka sa ɗan mai bisa baƙin tsumma ka murza, in hwari ya hito to haka ne. Irin wagga tana gogewa da kyau, sai dai ta cika soso da wuri, a riƙa wankewa.

Baba Ila Mai Fenti: Sabi'u, ka ce rufi ya yi toka. Ɗauko min hoto kusa-kusa, da rana.

Sabi'u Zariya: Ga shi Baba. Wannan na kapo, wannan na rufi.

Baba Ila Mai Fenti: Kapo za shi gyaru. Rufin kam ɗana, ka yi haƙuri. Ka ga hwararen tabban nan masu baki kamar taswira, da inda ya hwara ɓarewa wajen gilashin baya? Vernin ya mutu, rana ta cinye shi. Babu injin da za shi tada shi, ko na Sani na Italiya. In ka goge ma ƙara ɓare shi za ka yi. Sai an kankare an sake hesawa.

Sabi'u Zariya: Inna lillahi. Wallahi saboda rufin na fara tarin kuɗin.

Mushe Habu: Gara da ka ji yanzu. Kuma ka bincika ko an taɓa yi wa wani ɓangare fenti, don motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Lome da yawa an taɓa su. Akwai ɗan abin auna kauri mai aiki da maganaɗisu. In ƙofa ɗaya ta nuna mikron 120 ɗaya ta nuna 300, an sake fenti, in ta haura sosai akwai mastik, wato abin da masu fenti ke cike loɓa da shi. In ta yi ƙasa da 80 a bi ta a hankali ƙwarai. Ba ya aiki a parshok na roba. Ina da ɗaya, ka zo lakwal bayan tashi in auna maka.

Bayan kwana goma sha biyu

Sabi'u Zariya: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Yaya Nura ya kawo mini orbital mai faifai 125, soso shida, Menzerna 2500 da 3800. Mushe ya auna motar, ƙofar baya ta hagu an taɓa yi mata fenti, sauran na kamfani ne. Na sayi tsohon kapo baƙi wajen masu kayan gwangwani na yi kwana huɗu a kansa kamar yadda Baba ya yi da ƙofar 504. Ranar farko na zuba mai da yawa, na kunna kafin in ɗora soson, ya fantsama har bango. Daga baya na gane ɗigo huɗu kamar ƙwayar wake sun isa, in baza a lamba 2, in yi aiki a 4 zuwa 5, ina tafiya a hankali, tsaye sannan kwance. Na ja layi da baƙin maka a bayan faifan don in riƙa ganin yana juyawa, da na ga layin ya tsaya sai in sassauta hannu.

Yau da asuba na raba murfin but ɗina biyu da sikoci na yi rabi. Da na cire sikocin na haska fitilar waya, ɓangare ɗaya fitilar tana fitowa ƙwal kamar a madubi, ɗayan kuma saƙar gizo ta kewaye ta. Zane biyu masu zurfi sun rage, na bar su. Minti arba'in rabin murfin ya ci, don haka Ɗanladi, maganarka ta jinkiri gaskiya ce.

Ɗanladi Lavaj: Ai na faɗa. Amma hoton ya yi kyau, ba ƙarya. In ka gama ka shafa abin kariya, kuma ka nemi na roba ba kakin karnuba ba, shi ba ya jure zafinmu.

Hajiya Rabi: Sabi'u ɗana, in hannunka ya faɗa, ƙofofin RAV4 na jiran ka.

Sabi'u Zariya: Hajiya, sai na gama tawa na fito da ita rana na gani tukuna. Baba, rufin fa, nawa zai ci?

Baba Ila Mai Fenti: Kawo ta Asabar bayan la'asar in gani da idona, kuɗɗi mu yi magana can. Ka zo da injin naka ma, ina son in riƙa shi in ji.